Jan ƙarfe, TEMPO da iskar ɗaki: yadda ake mayar da alkohol aldihaid

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne, amma sai ka bar kwalbar alkohol a buɗe kwana da kwanaki bai zama aldihaid ba, wato sinadarin da ake samu in an cire wa alkohol haidirojin biyu. Dalilin yana cikin ƙirar ƙwayar O₂: tana da ilektiron biyu marasa abokin zama da ke juyi ta fuska ɗaya, su kuwa yawancin sinadaran kabon nasu a haɗe suke bibbiyu. Wannan rashin daidaito ke sa haɗuwarsu tafiyar hawainiya. Sai an sami ƙarfe mai bayar da ilektiron ɗaya-ɗaya, kamar jan ƙarfe ko kobalt, ya shiga tsakani.

Daga cikin hanyoyin da ke amfani da wannan, wadda na fi ganin ta dace da ɗakin gwaji mai ƙarancin kayan aiki ita ce ta Jessica Hoover da Shannon Stahl na Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka, da suka fitar a 2011. Ba su ne farau ba. Tun 1984 Semmelhack ya haɗa CuCl, wani gishirin jan ƙarfe, da TEMPO, sinadarin kabon mai ilektiron ɗaya marar abokin zama da ke taimaka wa ƙarfen, sai dai nasa bai ci alkohol masu sarƙar kabon zalla sosai ba. Abin da su Stahl suka gano shi ne a fara da jan ƙarfe mai caji ɗaya, Cu(I), maimakon Cu(II), a cikin asetonaitirail.

Ga awon na milimol ɗaya, misali miligiram 108 na benzil alkohol. A narkar da shi cikin mililita 5 na asetonaitirail, a zuba gishirin jan ƙarfe [Cu(MeCN)₄]OTf kashi 5 cikin ɗari na milimol ɗin, wato kimanin miligiram 19, sai bipiridin da TEMPO kowanne kimanin miligiram 8, sai N-metilimidazol kashi 10 cikin ɗari, wajen maikirolita 8. Ba dumamawa, ba tukunyar gas. Idan alkohol ɗin irin na benzil ne, CuBr mai araha ya wadatar, miligiram 7.

Launi shi ne agogonka. Da an gama haɗawa ruwan zai koma ja mai duhu kamar ruwan goro, alamar Cu(I) ne ya fi yawa. In alkohol ya ƙare, babu mai mayar da jan ƙarfen baya, sai ya tsaya a Cu(II), ruwan ya rikiɗe ya koma kore ko shuɗi. Na benzil kan gama cikin awa ɗaya ko 'yan awanni. Masu doguwar sarƙar kabon kan kai yini guda, wani lokaci sai an ɗan ɗumama zuwa digiri 50. Amma kada a yarda da launi kaɗai, a duba da TLC, gwajin da ke rarrabe sinadarai a kan faranti, don katalis ɗin (haɗin jan ƙarfe da TEMPO) da ya mutu a hanya shi ma kore yake komawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne iska. Ƙwayar O₂ ɗaya alkohol biyu take ci, ta bar ruwa biyu. Ke nan milimol ɗaya na buƙatar rabin milimol na oksijin, kusan mililita 12, wanda ya yi daidai da mililita 58 na iskar ɗaki. Wanda ya toshe kwalba mai cin mililita 25 ya shaƙe aikinsa da hannunsa. A bar bakin a buɗe ko a ɗaura balan-balan mai iska, kuma a juya da ƙarfi har ruwan ya yi rami a tsakiya, domin oksijin ba ya narkewa da yawa.

Sai asid. Ɗan kaɗan na kaboksilik asid yana kama jan ƙarfen ya hana alkohol zama a kansa. Tsohon alkohol da ya daɗe a kanta, ko aldihaid da aka bari ya wuce lokaci har ya fara zama asid, duk suna jawo haka. Haka ma sinadarai masu hannu biyu da ke rungumar ƙarfe, kamar 1,2-diyol. A duba gishirin jan ƙarfen ma kafin a auna: na kirki fari ne, in ya yi shuɗi-shuɗi to iska ta riga ka.

TEMPO na da rukunin metil huɗu kewaye da bakinsa, shi ya sa alkohol mai mataki na biyu, wanda OH ɗinsa ke kan kabon da ke haɗe da wasu kabon biyu, ba ya samun wurin kusantarsa. Wannan riba ce in kana so a taɓa na farko a bar na biyu a ƙwaya ɗaya. In kuwa kiton kake nema, wato abin da alkohol mai mataki na biyu ke zama, a 2013 Janelle Steves da Stahl sun maye gurbin TEMPO da ABNO, ɗan'uwansa wanda ba shi da wannan cunkoso, kuma kashi 1 cikin ɗari ya isa.

Tacewa ba wuya: a tsarma da sinadarin ita (ether) ko pentan, a bi da shi ta ɗan guntun silika, jan ƙarfen ya maƙale a sama. Ba sharar kuromiyam mai guba irin ta tsofaffin hanyoyi, ba warin dimetil salfaid na hanyar Swern, wata hanyar yin wannan aiki.

Gargaɗi ɗaya ga mai son ƙara yawa: tururin asetonaitirail da tsantsar oksijin abokan gobara ne. Da su Stahl suka kai aikin cikin bututu mai gudana, oksijin kashi 9 cikin ɗari suka yi amfani da shi, gauraye da naitirojin, sai suka ƙara matsi don cike giɓin.