Wata shida ina zana ido

A wata shidan farko ban zana komai ba sai fuska, kuma duk fuskokin hagu suke kallo. Na cika littafi guda da manyan idanu masu ƙyalli da gashi tsaye cirko-cirko, ina ganin ai na gama iya manga, wato labarin zane irin na Japan. Hannu kuwa ban taɓa yarda na zana shi ba, ko in cusa shi a aljihu ko in ɓoye shi a bayan mai shi. Ƙanwata ce ta fasa ƙwai. Ta yi ta juya shafi, can ta ce, "Yaya, su mutanen naka duk sanyi suke ji ne?" Na yi dariyar yaƙe. Sai ta ɗora da wadda ta fi ci mini rai: "To me ya same su daga nan?" Na rasa amsa, domin babu abin da ya taɓa samunsu. Tsaye kawai suke suna kallon hagu.

Masu wannan sana'a a Japan ba da kyakkyawan zane suke farawa ba. Da abin da suke kira nemu suke farawa, wato ɗanyen tsari da fensir: a raba shafi akwati-akwati, a yi da'ira a matsayin kai, a rubuta maganar kowa a inda za ta zauna. Wannan jagwalgwalon ne edita yake dubawa, ya amince ko ya ce a sake. Mai zana wa mujallar Shonen Jump, wadda ke fitowa tun 1968, yana miƙa kusan shafi 19 duk mako, har sai ya ɗauki mataimaka masu zana gidaje da cike baƙi. Wanda ke cikin irin wannan tsere ba zai ɓata yini a kan ƙwayar ido ba alhali labarin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sai na koma kan mafi ƙanƙantar siga, yonkoma: akwati huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa. Na farko ya buɗe, na biyu ya ja zaren, na uku ya juya lamarin, na huɗu ya ƙulle. Nawa na farko a kan yaro ne da aka sa gadin nama da aka shanya. Yana ta korar kyanwa da sanda, ya kore ta ta dawo, shirwa ta faɗo daga sama ta sure naman, a ƙarshe ga shi ga kyanwar zaune kafaɗa da kafaɗa suna kallon sama. Zanen bai fi na ɗan firamare ba, kyanwar ma ta fi kama da ɗan akuya. Amma ƙanwata ta yi dariya a daidai akwatin da nake so.

Karanta shafi daga dama zuwa hagu, yadda ake karanta manga, bai ba ni wuya ba, wanda ya yi makarantar allo idonsa ya saba. Tsarawa ce ta kayar da ni. Mai fara magana dole ya tsaya a dama, in ba haka ba mai karatu zai ci karo da amsa kafin tambaya. Sau biyu ina sake shafi guda saboda wannan.

Alƙalamin ma tsohon sani ne a sabuwar riga. G-pen bakin ƙarfe ne da ake tsomawa a tawada kamar alƙalamin kara. In ka danna, layi ya yi kauri, in ka sassauta, ya sirance. Ranar farko na bi shafin da tawada yadda ake karanta shi, daga dama, ni kuma da hannun dama nake zane. Gefen tafina ya kwashi ɗanyar tawada ya shafe fuskar da na kwana biyu a kanta. Yanzu daga saman hagu nake gangarowa, da ƙyallen takarda a ƙarƙashin hannu. Da hunturu kuwa tawada kan bushe a bakin alƙalami kafin in gama layi uku, sai da tsumma a gefe. Takardar ɗigo-ɗigo da suke mannawa don inuwa ban samu a kasuwarmu ba, sai in ɗauki hoton shafin in sa ta da manhajar zane ta ibisPaint a waya.

Wata dabara mai zafi ita ce ɗaga takarda a hasken taga a kalle ta ta baya. Duk karkatar da ido ya saba da ita sai ta fito fili: haɓa ta zame gefe, ido ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Tsawon babban mutum, in aka auna da tsawon kansa, kai bakwai ne zuwa takwas, nawa da na auna biyar da rabi suka yi.

Hannu har yau muna fama. Na jingina madubi a kan tebur, hagu na riƙe da kofin shayi, dama na zana shi. Labarin da nake kai yanzu shafi takwas ne, kuma a shafi na biyar akwai tsoho da zai miƙa wa yaro kuɗi. Sau goma sha ɗaya ke nan ina goge yatsun nan.