Batman, littafin sirri da takardar maki: abin da na koya a ofishin malamai

Duk wanda ke koyar da Turanci a sakandare a Sakkwato ya san wahalar sa yaro ya karanta shafi biyu bai yi hamma ba. Dalilin da ya sa na fara shigo da labaran zane cikin aji ke nan. Yaran da dogon rubutu ke gundura sukan natsu idan akwai hoto a gefen magana, kuma yawancinsu sun riga sun san Superman da Batman daga fina-finan da suke tura wa juna a waya. Don kalmomi da nahawu na kawo su. Sai ga shi ɗaya daga cikin labaran ya faɗo daidai kan wata rigima da ta hana mu sakat a ofishin malamai, ya kuma buɗe mini ido a kanta fiye da duk zaman sulhun da aka yi.

Labarin ya fito a shekarar 2000 a mujallar JLA ta kamfanin DC da ke Amurka, fitowa ta 43 zuwa ta 46, Mark Waid ne ya rubuta shi. Mujallar tana ba da labarin wata ƙungiyar jarumai ce da ake kira Justice League, wadda aka fara zanawa tun 1960. Kusan kowa a cikinta yana da baiwar da ta fi ƙarfin ɗan Adam: wannan yana tashi sama, wancan ido ba ya iya bin gudunsa, wani kuma teku ce masarautarsa. Batman, wanda aka ƙirƙira a 1939, mutum ne kamar ni da kai. Abin da yake taƙama da shi dukiya ce da kaifin basira da shiri tun kafin abu ya faru. To wannan halin nasa ne ya kai shi ya zauna shi kaɗai ya yi nazarin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya gano lagon kowa, ya tsara yadda za a kayar da shi idan wata rana ya kauce hanya ko wani mugu ya mallake masa hankali. Ya adana komai a kwamfutarsa, bai gaya wa kowa ba.

Abokin gabarsa Ra's al Ghul ya sa 'yarsa Talia ta sato bayanan, ya yi amfani da su. Aquaman, wanda ba ya iya daɗewa nesa da ruwa, aka jefa masa tsoron ruwa a zuciya. Martian Manhunter, da wuta ce ajalinsa, aka mayar da fatarsa mai kamawa da wuta. Plastic Man aka daskarar da shi aka farfasa. Superman aka yi masa da jan kiriftonait, wani dutse da ke illata shi. Kowa an taɓa shi inda ya fi jin ciwo, domin wanda ya tsara abin ya zauna da su shekara da shekaru, ya ji abin da ba su faɗa wa bare. Bayan sun tsira suka zauna kaɗa ƙuri'a a kan ko ya ci gaba da zama cikinsu. Uku suka ce ya tafi, uku suka ce ya zauna, ya rage ta Superman. Batman bai tsaya jin sakamako ba, ya fice.

Da muka gama karatun da 'yan aji biyar, ajin ya rabu biyu. Wani yaro da ke zama a layin baya, wanda da wuya ka ji bakinsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni ban ga laihi nai ba. In Superman ya haukace, wa ka iya tare shi?" Maza da yawa suka goya masa baya, har da masu cewa rigakafi ya fi magani. Sai wata yarinya ta juyo ta ce, "To Malam, mi yah hana shi hwaɗa musu?" Aka yi tsit na ɗan lokaci. Ni kaina da na shirya darasin ban zo da tambayar da ta kai wannan ba.

A wannan zangon ne abin ya faru a makarantarmu. Jami'in jarrabawarmu mutum ne da ba a kai shi ƙwazo ba. Shi ke fara zuwa, shi ke kulle ofis, ko a zafin watan Afrilu da fanka ke hura iska mai ƙuna za ka same shi duƙe kan takardun maki. Ashe yana da wani littafi mai kauri a cikin durowarsa. Na ga hoton shafukan daga baya: ya ja layi da jan biro, ga kwanan wata, ga lokaci har da minti, ga harufan farko na sunan malami, ga abin da ya lura da shi. Wane ya shigo bayan an gama taron safe. Makin gwajin wance ya tashi daga 8 zuwa 18 bayan an miƙa takarda. Yaro kaza bai zo gwaji ba amma yana da maki. An ga uban wane ya tsaya da malam wane a bakin ƙofa ya miƙa masa leda. Wasu abubuwan gaskiya ne tsagwaronta. Wasu zato ne kawai da aka rubuta da irin biron da aka rubuta gaskiyar, a layi ɗaya, ba abin da zai bambanta maka su.

Wani da ke da ƙullin wasu a zuciya ya samu durowar a buɗe, ya ɗauki hoton shafukan da suka yi masa, ya tura wa mai makaranta, daga nan abin ya faɗa zauren WhatsApp na malamai. Malamai biyu suka samu takardar tuhuma. Ɗaya daga cikinsu wata malama ce da littafin ya nuna ta yi ta makara kusan wata guda. Abin da littafin bai nuna ba shi ne a watan nan mahaifiyarta tana kwance a asibiti, a can take kwana, da asuba ta koma gida ta shirya yara sannan ta hau kabu-kabu ta taho. Mai littafin bai taɓa tambayarta ba. Da ya tambaya, da layin bai shiga littafin ba, ko kuma ya shiga da dalilinsa a gefe.

Ofishin malamai ya sauya. Da jami'in jarrabawar ya yi sallama hira take mutuwa. Ƙwaryar furar da ake zagayawa da ita bayan azahar ta daina isa teburinsa. Shi kuma ya ƙara ƙanƙame kansa, yana ganin an tsane shi ne don ya riƙe gaskiya. Da na zauna da shi ya gaya mini cewa a wata makaranta da ya taɓa aiki an sauya sakamakon yara aka ɗora masa, ba shi da wata shaida a hannu, ya bar aikin da baƙin jini. Tun ranar ya yi alkawarin ba zai sake zama ba hujja ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari a kan wannan. Tsoronsa na gaskiya ne, kamar yadda tsoron Batman yake na gaskiya a cikin labarin.

Amma akwai wani labarin na daban da ya riga wancan, wanda ya fito a 1990. A cikinsa Superman da kansa ya ɗauki zoben kiriftonait, abin da zai iya kashe shi, ya damƙa wa Batman, ya ce ya ajiye ko da wata rana zai zama barazana ga mutane. Makami iri ɗaya ne, a hannun mutum ɗaya, don manufa ɗaya. Na 1990 ya ƙara musu amana, na 2000 ya wargaza ƙungiya. Bambancin kawai shi ne a na farkon wanda abin ya shafa ya sani kuma ya yarda. Nan ne tambayar yarinyar nan ta zauna mini daram. Ba a ƙi mutum don ya yi tunanin nagari ma yana iya karkacewa, kowane mai hankali ya san haka. Abin da zuciya ba ta ɗauka shi ne ka gano cewa duk lokacin da kake buɗe wa mutum cikinka, shi rubutu yake yi.

Akwai kuma haɗarin da mai ajiyar sirri ba ya hangowa. Yana ganin tunda niyyarsa mai kyau ce, abin da ya tara yana cikin aminci. Alhali kamar mai ɓoye jarkar fetur ne a ƙuryar ɗaki saboda ranar tsada: niyyarsa ba ta hana tartsatsin wani ya kai gare ta. Jami'inmu bai taɓa nufin cutar da malamar nan ba. Wanda ya ɗauki hoton shi ya zaɓi shafin, kuma ba a buƙatar ya ƙara ko harafi ɗaya, an riga an yi masa aikin.

Malamin addinin Musulunci na makarantar, dattijo ne da muke kira Baba Malam, shi ya faɗi maganar da ta fi tsaya mini a zaman da aka yi. Ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu su kafa shaidu, kuma wanda ake bin bashin shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta. Ya ce Littafin da ya yi wannan umarni shi ne kuma ya hana yawan zato da bin diddigin asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, rubutu ba ya ɓata zumunci in an yi shi gaban mai shi." Jami'in jarrabawa ya sunkuyar da kai, waɗanda suka fi kowa zafi ma suka yi shiru.

Sun yi shiru ne domin maganar ta taɓa su su ma, kuma a nan na rabu da wasu abokaina da nake ƙauna. Cikin fushi wasu sun so a cire mutumin daga kujerarsa, a kuma daina duk wani bin diddigin maki, kowa ya riƙe amanarsa tsakaninsa da Allah. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Makin da ya tashi daga 8 zuwa 18 ya tashi da gaske. Akwai yarinyar da ta yi karatu da fitilar waya ta ci 15 da guminta, aka wayi gari wanda bai buɗe littafi ba ya haye kanta. Ubanta yana can kasuwa yana ɗaga buhun albasa don ya biya kuɗin zango. Idan muka kori mai sa ido muka kori sa idon tare da shi, ita muka zalunta, kuma ba ta da zauren WhatsApp da za ta kai ƙara. Ɓacin ranmu a kan yadda aka kama laifin bai wanke laifin ba. Har a labarin zanen ma, jarumai uku da aka azabtar da tsarin Batman sun zaɓi ya zauna, domin sun san tambayar da ta dame shi ba ta tafi ko'ina ba.

Abin da aka tsayar a ƙarshe ba wani abin mamaki ba ne. Takardar makin kowane malami sai wani malamin ya duba ta ya sa hannu kafin ta shiga kwamfuta, ana kuma sauya masu dubawar kowane zango. Duk gyaran da za a yi bayan an miƙa takarda sai an rubuta dalili, an sa hannu biyu. Rajistar zuwa aiki ta dawo kan teburin tsakiyar ofis, an ƙara mata gurbin dalili, wanda ya makara shi zai cike da hannunsa. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne jami'in jarrabawar ma ya shiga layi. Darasin da yake koyarwa wani ne ke duba makinsa. A littafinsa mai kauri suna ɗaya ne ban gani ba, nasa.

A mujallar, sai a fitowa ta 50 Batman ya dawo cikin abokansa, bayan ya cire abin rufe fuskarsa ya nuna musu ko shi wane ne. Wato ya ba su abin da za su iya cutar da shi da shi, kamar yadda ya riƙe nasu. Namu jami'in ya yi irin nasa gwargwadon hali: ya kawo littafin gaban kowa, aka ware shafukan maki aka bincika a fili, sauran aka ƙone su a bayan ajujuwa. Ya nemi gafarar malamar nan a gaban malamai duka. Ta ce ta yafe, kuma na san ta yafe, amma har yanzu daga gaisuwa ba ta ƙara masa komai. Wasu na ganin ta cika riƙo. Ni kuwa duk wanda ya zo mini da wannan maganar nakan ce ya ƙyale ta, wata guda ta yi tana kwana a kan tabarmar asibiti wani yana ƙirga mata mintoci.