Aikin homiyofati a Sakkwato: abin da ke cikin kwalba da abin da ke cikin ganawa

Wanda yake shigowa ɗakin homiyofati galibi ya riga ya zaga gari. Ya je kemis, ya sha jiƙo da saiwa, wataƙila ya yi layin asibiti, likita ya gan shi minti biyar ya rubuta masa takarda. Koke-koken da ake kawo mana daga Mabera, Gawon Nama, Runjin Sambo da ƙauyukan kewaye kusan iri ɗaya ne: ciwon gaɓoɓi, ƙwarnafi da kumburin ciki, rashin barci, ƙaiƙayin fata, murar da ke dawowa duk hunturu, basir, ciwon kan da ya ƙi tafiya. Tambayar farko kuwa ba ta canzawa: "Malam, wanga magani yana yi kuwa?" Tambaya ce ta haƙƙi, kuma ba a amsa ta da gaskiya sai an bayyana yadda aikin yake tun daga tushe.

Wani likita ɗan ƙasar Jamus, Samuel Hahnemann, shi ya kafa tsarin. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda ake ciro kwinin daga cikinsa, ya ce ya ji alamomi masu kama da na zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ya gina ƙa'idarsa, ya wallafa ta a 1796, ya faɗaɗa ta cikin littafinsa Organon a 1810: abin da ke jawo wata alama ga mai lafiya, kaɗan daga cikinsa zai kawar da irin alamar ga mara lafiya. Shi ya sa ake ba mai murar da ke sa hawaye Allium cepa, wato albasa, ake ba mai rashin barci Coffea cruda, ɗanyen kofi, ake ba mai kumburi mai zafi Apis mellifica, ƙudan zuma. Natrum muriaticum, da sunansa mai nauyi a baki, gishirin miya ne.

Ganawar farko tana cin awa ɗaya, wani lokaci har da rabi. Ana barin mutum ya faɗi damuwarsa da bakinsa ba tare da an katse shi ba, ana rubuta kalmominsa yadda ya furta su. Bayan ya gama sai a shiga tambayoyi: yaushe ciwon ya fara, a wane gefe yake, suka yake yi ko zugi ko nauyi, da asuba ya fi tashi ko bayan la'asar, zafi ke ƙara shi ko sanyi, motsi ke lafa shi ko kwanciya. Sai barci, ƙishirwa, gumi, bayan gida, abincin da rai ke so da wanda yake ƙi, cin goro, shan shayi da taba. Sai kuma abin da mutane ba su saba a tambaye su ba: rasuwar da aka yi a gida, bashi, zaman aure, tsoro, ɓacin rai. Matar aure tana zuwa da mijinta ko 'yar'uwarta, kuma akwai maganar da ba za ta fito ba sai an sa mace ta yi tambayar. Idan an kammala, ana zaɓar alamomi biyar zuwa takwas da suka fi fita daban, a duba su cikin kundin alamomi, wanda aka fi sani shi ne na Ba'amurke James Tyler Kent na 1897, a ga wane magani ya fi bayyana a ƙarƙashinsu. Magani ɗaya ake bayarwa a tsarin asali, a ce mutum ya dawo bayan mako uku ko huɗu.

Kafin duk wannan, a shagonmu akwai abin da ke kan tebur: na'urar awon hawan jini, ma'aunin zafin jiki, na'urar awon sukari da sikeli. Duk wanda ya shigo sai an auna shi. Dalilin zai fito a gaba.

Yanzu maganin kansa. Ana jiƙa tsiro cikin itanol, barasar da ake haɗa magunguna da ita, a tace, a samu uwar tsimi. Abin da ba ya narkewa, kamar ƙarfe ko ƙwanso, ana niƙa shi da sukarin madara a turmi. Sai a ɗauki ɗigo 1 na uwar tsimi a zuba cikin ɗigo 99 na itanol da ruwa, a girgiza kwalbar ana buga ta a kan abu mai ɗan tauri, galibi sau 10. Wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo 1 daga cikinsa a zuba cikin wani sabon 99, a buga, ya zama 2C. Haka ake bi har 6C, 30C, 200C. Harafin X ko D yana nufin ɗaya cikin goma ne a kowane mataki. Masu tsarin suna cewa gwargwadon yawan sirki da bugu, gwargwadon ƙarfin magani, don haka 200C a wurinsu ya fi 6C ƙarfi.

A nan lissafi yake shigowa, kuma mai sana'ar da ya ɓoye shi ya ha'inci mai saye. Kowane mataki yana rage abin asali sau ɗari. A 6C saura kashi ɗaya cikin tiriliyan. A 12C an kai ɗaya cikin lamba mai sifili 24, wanda ya haura adadin ƙwayoyin zarra da masana kimiyya ke ƙirgawa a ma'auninsu, lambar da ake kira ta Avogadro, mai kusan 6 da sifili 23. Ma'ana daga 12C zuwa sama, abu mafi yiwuwa shi ne babu ko ƙwayar zarra ɗaya ta albasa ko gishiri ko ƙudan zuma da ta rage. A 30C, wanda aka fi sayarwa, lambar tana da sifili 60. Masu kare tsarin sun ce ruwa yana riƙe sawun abin da ya ratsa shi. Wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya wallafa sakamako mai nuna haka a mujallar Nature a 1988, amma da aka maimaita gwajin a ɗakin bincikensa ba tare da masu aunawa sun san wace kwalba ce wace ba, sakamakon ya ɓace.

Abin da mutum yake tafiya da shi gida ƙwayoyin sukari ne masu lamba 30 ko 40. Lambar tana nufin milimita nawa ƙwaya goma za su ci idan aka jera su. Ana cika ƙaramar kwalba kashi uku cikin huɗu, a ɗiga ɗigo kaɗan na maganin, a girgiza har su jiƙa, a bari su sha iska. Ɗigon ya yi yawa, ko kuma ruwan cikinsa ya rinjayi itanol, ƙwayoyin su narke su dunƙule. Ana shan huɗu a ƙarƙashin harshe, baki babu abinci, ba a taɓa su da hannu, a murfi ake zuba su. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yana busar da kwalbar ruwa idan murfinta bai kama ba. Akwatin katako nesa da taga ya fi firiji, domin da an ɗauke wuta raɓa take taruwa cikin kwalba sukarin ya manne. A damina, musamman Agusta, laima ke yin irin wannan ɓarnar. Koyarwar tsarin ta ce a nisanta magani daga kafur, man zafi da turare mai ƙarfi. Da azumi ana mayar da sha zuwa bayan buɗa baki da kafin sahur.

Maganar barasa tana tasowa kusan kullum, kuma daidai ne ta taso. Wasu kwalaben ruwa itanol ɗinsu ya kai kashi 90 cikin 100, a rubuce yake a jiki. A kan ƙwaya yawancinsa yana bin iska. Malamai sun yi saɓani game da barasar da ke cikin magani, mu kuwa ba masu fatawa ba ne: muna nuna wa mutum rubutun kwalba, ya kai wa malaminsa. Yaro da mai juna biyu da mai ciwon hanta ba a ba su na ruwa.

To, yana yi? Hujjar masu cewa yana yi tana da tarihi. A annobar kwalara ta Landan a 1854, mace-mace a asibitin homiyofati sun yi ƙasa da na sauran asibitoci. Sai dai a zamanin likitoci suna zubar wa mara lafiya jini, suna ba shi magungunan zawo masu guba, wanda aka ƙyale ya sha ruwa ya huta dole ya fi samun sauƙi. A Indiya ana karanta fannin shekara biyar da rabi a kwaleji, gwamnati ta kafa ma'aikatar AYUSH, mai kula da magungunan gargajiya da homiyofati, a 2014, kuma yawancin kwalaben da ke shigowa nan daga Indiya da Jamus suke. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet a 1997 ya ce ba za a iya jingina duk sakamakon ga ƙwayar wofi ba, wato ƙwayar da babu magani a cikinta da ake bayarwa don gwaji, amma shi ma bai samu ciwo guda da aka tabbatar maganin yana warkarwa ba. Daga nan gwaje-gwaje suka ƙara inganci, hujjar tana raguwa. A 2005 Lancet ta buga nazarin da ya gwada gwaji 110 na homiyofati da 110 na maganin asibiti, ya nuna a manyan gwaje-gwaje masu tsafta tasirin homiyofati bai wuce na ƙwayar wofi ba. Kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya ya faɗi haka a 2010. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya a 2015 ta duba nazari 176 kan cututtuka 61, ba ta samu ko ɗaya mai ingantacciyar hujja ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a daina rubuta shi a 2017, Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshora a farkon 2021.

Binciken da ya fi kusa da abin da muke gani a kan tebur shi ne na Southampton a Ingila, da aka buga a 2011, kan masu ciwon sanyin gaɓoɓi 83. An raba su: wasu sun samu doguwar ganawa, wasu ba su samu ba, wasu an ba su magani, wasu ƙwayar wofi. Waɗanda aka zauna da su sun ji sauƙi a wasu ma'aunai, amma ko ƙwayar ta gaske ce ko ta wofi bai canza komai ba. Hukuncinmu ke nan, kuma muna faɗa wa mai tambaya a fili: amfanin yana cikin zaman. Mutum yana zuwa ne lokacin da ciwo ya kai maƙura, kuma ciwon da ke hawa da sauka dama zai sauka. Mura tana tafiya da kanta cikin mako ɗaya ko biyu. A cikin awa guda an gano yana cin goro biyar a wuni yana kukan rashin barci, ko yana shan maganin ciwon jiki da cikinsa babu komai yana kukan ƙwarnafi, an gyara. Ga kuma natsuwar da ke samun wanda aka saurara. Saboda haka kuɗinmu na zama ne, ƙwayar tana biye, wanda ya ji bayani ya ce ba ya so ba a tilasta masa. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mai sayar da magani ba.

Inda ake rasa rai shi ne jinkiri. Akwai koyarwa a tsarin cewa idan ciwo ya ƙaru bayan shan magani, alama ce ta cewa ya kama. Mai sana'ar da ya riƙe wannan ya ce wa uwa ta ƙara haƙuri da yaro mai zazzaɓi, kwana biyu sun isa maleriya ta hau kai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a yi amfani da homiyofati kan maleriya, tarin fuka, ƙanjamau da gudawar jarirai. Don haka zazzaɓi kowane iri sai an yi gwajin jini na tsinke, minti 15 zuwa 20 ne, idan ya nuna maleriya ce a sha maganin ACT cikakke na kwana uku. Tari ya wuce mako biyu, ko da rama da gumin dare, sai gwajin majina. Maganin tarin fuka kyauta ne, na wata shida. Yaro mai gudawa ORS da zinc ne nasa. Sanƙarewar wuya da zazzaɓi lokacin bazara alamar sanƙarau ce, ba a ko buɗe littafi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ake nufa nan take. Haka ciwon ƙirji, shanyewar ɓarin jiki, zubar jini ga mai ciki, ƙullutu a nono, tashin sikila, da gyambon baki mai wari ga yaro, wanda Asibitin Noma yake nan cikin gari dominsa. Awon jini ya kai 140 bisa 90 a zama biyu, ko sukari ya kai 126 da safe kafin karin kumallo, takarda ake rubuta wa mutum zuwa likita. Sukarin ƙwaya huɗu ba ya cutar da mai ciwon sukari, ajiye metformin ko insulin dominsu ne ke kwantar da shi a asibiti. Kuma babu ƙwayar homiyofati da ke tsaya wa rigakafin ƙyanda ko shan inna, ko da an rubuta haka a jikinta.

Haɗari na biyu yana cikin kwalaben da ba a sirka sosai ba. Uwar tsimi da 2X da 3X akwai sinadari na gaske a ciki, kuma Nux vomica, Aconitum, Belladonna da Arsenicum album duk daga guba ake yin su. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu wasu ƙwayoyin haƙoran jarirai ɗauke da Belladonna fiye da abin da aka rubuta. Sai kuma garin da ake ƙullawa a takarda babu suna. Idan mai ciwon gaɓoɓi ya miƙe garau cikin kwana biyu, bayan watanni fuskarsa ta kumbura, sukarinsa ya hau, a yi zargin an cuɗa masa dexamethasone ko prednisolone, magungunan asibiti masu lafar da kumburi. Irin wannan ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali. Shi ya sa kowace kwalba da ta fita daga hannunmu tana ɗauke da sunan magani, lambar sirkinsa, ranar da aka bayar da yadda ake sha, kuma ba ma karɓar kaya daga dillali sai da hatimin kamfani, ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC.

A zama na biyu ana buɗe takardar farko a karanta wa mutum kalmominsa, a sake auna jini da nauyi, a tambaye shi ko ya kai takardar gwajin da aka ba shi. Idan bai kai ba, ba a ƙara masa ƙwaya sai ya kawo sakamako. Idan zama biyu sun wuce ciwon yana nan yadda yake, ba a canza magani a ce a gwada wani; ana rubuta abin da aka gani da abin da aka bayar, a sa hannu, a ba shi ya kai wa likita.