Kawu, wai me zan koya a harkar kwamfuta?

Kusan duk Juma'a in an sauko masallaci sai wani yaro ya tare ni, Kawu me zan koya ne, Python (yaren rubuta manhaja) ko tsaron intanet ko wannan AI ɗin da kowa ke zancensa? Ni dai ɗan shago gare ni a nan Jidda, ni da yara uku, aikinmu haɗa kyamarar tsaro, jan wayar netwok, da saita na'urar kashiya a baƙala (shagunan kayan masarufi) da gidajen abinci, to amsata daga inda nake cin abinci take fitowa.

Netwok, wato haɗa na'urori su riƙa magana da juna, nake cewa a fara da shi. Ba wai Python ba ta da amfani ba fa, amma bari ku ji. Ɗan yayata ya zo min bara, yaron wlh akwai kai, ya sha karatun rubuta manhaja a YouTube. Na tura shi wani sito, kyamara biyu sun ƙi fitowa a allo, tun bayan azahar yake ta goge saiti yana sakewa har aka kira magariba, gumi sharkaf. Da na je sai na bi wayar da ƙafa, ta kai mita 130, alhali irin wannan wayar netwok ɗin, Cat6, iyakarta mita 100, in ta wuce nan sai dai ka sa ɗan suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, a tsakiya. Ɗayar kuma lambar IP ɗinta, wato adireshinta a netwok, ɗaya da ta firinta, suna ta kokawa. Minti ashirin muka gama, mai siton har da kawo mana shayi.

Shi ya sa nake cewa yaro ya zauna ya fahimci IP, rauta (na'urar da ke haɗa netwok da intanet), suwic, yadda wuta ke bin wayar netwok ta kunna kyamara. In da hali ya nemi CCNA, takardar shaidar ƙwarewa a netwok ta kamfanin Cisco, jarrabawar 200-301, akwai manhajar Packet Tracer da za ka yi ta gwajin haɗa netwok a cikinta kyauta ba sai ka sayi ko na'ura ɗaya ba. Sai dai fa da Turanci ake karatun, shi kuma mai kaya da Larabci zai yi maka faɗa, dole ka riƙe duka biyun.

Masu son rubuta manhaja ma ga ƙofa. Tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka, haraji da kwastan ta Saudiyya, ZATCA, ta wajabta fatura ta lantarki, wannan mai lambar QR da kuke gani a rasit, daga Janairun 2023 kuma aka fara haɗa na'urorin 'yan kasuwa da tsarin hukumar rukuni-rukuni. Mun samu aiki sosai a nan, kuma ko shi ɗin in intanet ɗin shago ya yanke wa za a kira? Mu dai.

Ɗan yayan nawa yanzu shi ke matse kan waya a shago, har yau a cikin ƙananan wayoyin yakan sa kore a gurbin shuɗi, sai in ce yanke ka sake.