Darasin da na koya a shagon atamfa game da gwajin manhaja

A farkon aikina a wani ƙaramin kamfani mai ƙirƙirar manhajojin waya, an ɗora mini nauyin tsara fuskar wata manhaja wadda 'yan kasuwa za su riƙa rubuta bashi a cikinta, maimakon littafin da suke ajiyewa a cikin durowa. Na shafe makonni ina zaɓen launi ina daidaita maɓallai, kuma duk abokin aikin da na nuna wa sai ya yaba. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, mu da muka gina manhajar mun riga mun san inda kowane abu yake, saboda haka babu yadda za a yi mu ɓata a cikinta.

Zuwana na farko Kantin Kwari domin gwaji, na miƙa wa wani dattijo mai sayar da atamfa wayata, na ce, "Alhaji, yaya ka ga wannan?" Ya duba, ya ce abin ya yi kyau, ya sa mini albarka. Haka sauran ma suka yi. Da na koma ofis cike da murna, wanda ke sama da ni a wurin aiki ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce gaisuwa na je yi ba gwaji ba. Gaskiya ya faɗa, domin mutumin da ya ga yaro ya kawo aikin da ya wahala a kansa, kara ba za ta bar shi ya kushe masa ba.

A karo na biyu sai na daina tambayar ra'ayi, na koma ba da aiki. Nakan ce, "Alhaji, a ce wani ya karɓi turmi uku bashi, zai biya ranar Juma'a, don Allah a rubuta mini shi a nan," daga nan in kama bakina in zuba wa yatsunsa ido. Nan da nan kurakuraina suka fara bayyana. Rubutun da na yi da launin toka ba ya karantuwa idan haske ya bugi waya. Gurbin sunan mahaifi da na wajabta ya tsayar da kusan kowa, saboda yawancin abokan ciniki da laƙabi ko da sunan garinsu aka san su. Amma babban kuskuren ya fi waɗannan zurfi: na tsara manhajar bisa tunanin cewa bashi ko dai an biya shi ko ba a biya ba, alhali kuwa a kasuwa mutum yakan kawo wani abu daga cikin tsohon bashi, ya ɗauki sabon kaya a kai, lissafin ya ci gaba da tafiya har tsawon shekaru. Manhajata ba ta da wurin rubuta wannan, wato ba ta da wurin ainihin cinikin da ake yi. Babu wanda ya faɗa mini haka da baki. Na gane ne lokacin da mutum na uku ya tsaya cak a wuri ɗaya, ya jawo littafinsa.

Daga baya na karanta abin da Jakob Nielsen, wani masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ɗan asalin ƙasar Denmark, ya rubuta a shekarar 2000 bisa binciken da suka yi da Thomas Landauer a 1993, cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja, kuma gara a yi zagaye uku da mutum biyar-biyar ana gyara a tsakani da a tara goma sha biyar a lokaci guda. Na yarda da shi, tare da sharaɗin da shi kansa ya gindaya, cewa idan masu amfanin rukuni-rukuni ne, kowane rukuni yana buƙatar nasa gwajin. A wurinmu hakan ya tabbata, domin sau da yawa yaron shago ne ke riƙe da waya, maigida kuwa lissafin kawai yake so a karanto masa.

Abin da ya fi ba ni wuya har yanzu shi ne yin shiru. Idan mutum ya rikice yakan ce, "Ni ne ban iya waya ba," zuciyata kuma ta ce in nuna masa inda zai danna. Yanzu nakan gaya masa tun farko cewa manhajar ake gwadawa ba shi ba, in roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani yayin da yake dannawa. Na kuma daina jira sai an gama gini. Zane a takarda nake ɗauka zuwa kasuwa, domin na lura dattawan sun fi sakin jiki su gyara mini takarda da biro fiye da su kushe abin da suka ga an riga an kammala.