Daga majemar Sakkwato zuwa fadamar Wurno

Na dawo daga Sakkwato har yanzu warin bagaruwa bai bar hancina ba. Mu a Kano muna ta alfahari da fata, amma jar akuyar Sakkwato daban take: fatarta laushi, ƙwayarta kuma ƙanana ne a haɗe. Bayan ziyarar Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, majema na nufa.

Wani dattijon majemi ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, bai ko tambayi mi ya kawo ni ba sai da na sha. Ya nuna mini aikin daki-daki. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare da wuƙa a kan gungume. Sai ruwan kashin tattabara, shi ke kashe kaifin tokar. Bayan nan ne ake tsoma ta cikin dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana sake ruwa. Na ce, “Baba, yaya ake gane ta jemu?” Ya yanki gefe ya miƙo mini. In ka ga farin zare a tsakiyar yankan, bagaruwa ba ta ratsa ba, kuma fatar za ta ƙandare ta tsage. Ƙarfe kuwa kada ya taɓa ruwan, nan take zai bar baƙin tabo. Ja daga karan dafi da kanwa ake samunsa, baƙi daga kuloko.

Abin da ya dame ni shi ne yawan fatun da aka ware gefe. Mafiɗi ya huda da wuƙa, ko an shanya a ƙasa cikin tsakar rana, sama ya bushe ciki ya ruɓe. Asarar tun daga mahauta take farawa, majemi ne ke ɗaukarta. Ga shi kuɗin da ake sallama jemammiyar fata bai kai wahalarta ba, wallahi ko kusa.

A hanyar Wurno wani mai kaki ya riƙe mu a shinge yana daka wa direba tsawa, alhali takardu cikakku ne. Raini ne kawai.

Wurno ta wanke mini zuciya. Nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ya rasu a 1837. Fadama kuwa albasa ce da tafarnuwa da shinkafa iya ganinka. Manoma na janye ban-ruwa kafin cira, su bar ganye ya kwanta, don albasar da wuyanta bai bushe ba ruɓewa take yi a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ɗaya ta kashe na kusa da ita. Buhu a bakin gona araha ƙwarai in ka gwada da kasuwar 'Yan Kaba ta Kano, sai dai kuɗin mota da la'ada su cinye ribar.

Rabah, mahaifar Sardauna, ratsawa kawai muka yi. Madatsar Goronyo da ke kan gulbin Rima kuwa direba ya ce yamma ta yi, hanyar ba ta dare ba ce, muka juyo.