Shaidu biyu ko uku, a ɗakin da ba kowa

A gida, idan aka kawo ƙarar fasto ko dattijo, kowa ya san inda za a nufa. Ni a ECWA na tashi, can ƙasar Tangale, kuma tun ina 'yar kwaya na san tsarin: dattawa su zauna, in abin ya fi ƙarfinsu a tura LCC, majalisar ikilisiyoyin yanki, daga nan DCC, majalisar gunduma, in ta kama har hedkwata a Jos. Ba cewa nake kullum ana yin daidai ba, amma dai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A Jidda ba mu da ita. Babu ginin coci ko ɗaya a faɗin Saudiyya. Mu 'yan tsiraru ne masu jin Hausa, daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe, sai wasu daga Zuru, muna haɗuwa ranar Juma'a a falon wani ɗan'uwa saboda ita ce ranar hutu. A rufe tagogi, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga ba tafi, a shigo bibbiyu a fita bibbiyu. Tun 2016 da aka karɓe ikon kama mutane daga hannun 'yan Hai'a, wato hisbar ƙasar nan, hankali ya ɗan kwanta, amma har yau ba mai ɗaukar hoto a wurin sujada, ba mai gaya wa abokin aikinsa inda yake zuwa.

Mun saba da kama baki har ya zama mana jiki. Shi ya sa da magana ta taso a kan mai ja mana sujada, abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne a yi shiru.

Ba naɗaɗɗen fasto ba ne. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a gida, a nan kuwa aikin ofis yake, yana da mota, yana jin Larabci sosai. Baba muke ce masa. Kuma tsakani da Allah ya yi wa mutane hidima. Shi ne mai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, shi ne mai zirga-zirgar takardu idan an yi mutuwa. Shi ne kuma mai riƙe wa 'yan mata ajiya. Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin wannan, to ga yadda abin yake: yarinyar da take aikin shagala, wato aikatau a gida, idan wahala ta ishe ta ta gudu daga gidan kafilinta, wato ubangidan da takardunta suke ƙarƙashin sunansa, sai a buga mata hurub, wato a rubuta a hukuma cewa ta gudu. Daga ranar ba ta da igama, wato takardar izinin zama, mai aiki, ba asusun banki, ba layin waya da sunanta. Sauƙin da aka yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Duk abin da ta tara da wanke-wanke da goge-goge sai ta nemi amintacce ta ba shi. A wurinmu amintaccen nan Baba ne.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta same ni bayan sujada, ina naɗe tabarma. Da yake ni nas ce na ɗauka awon jini take so. Sai ta ce, "Anti, ina so in karɓi kuɗina a wurin Baba, amma ba na so in je ni kaɗai." Na ce don me? Ta yi ta murza bakin abayarta, ba ta ɗago ba. A kicin, da ƙofa a rufe, ta gaya mini cewa duk lokacin da ta nemi wani abu daga ajiyarta sai ya ce ta zo gida a yi mata addu'a tukuna, kuma lokacin da matarsa take wurin aiki yake sa mata. Ta faɗi inda hannunsa yake kaiwa a cikin addu'ar. Ranar da ta ture shi, ya ce mata ta tuna ba ta da takarda, kuma Shumaisi ba nisa. Shumaisi ita ce inda ake tsare waɗanda za a yi wa tarhil, wato a kore su zuwa ƙasarsu, a hanyar Makka. Duk mai zaman nan ya san abin da wannan kalma take yi wa cikin mutum.

Na kira wata uwa a cikinmu wadda ta yi shekaru tana shugabancin Zumuntar Mata a gida, yarinyar ta sake faɗa a gabanta, muka rubuta yadda ta faɗa, aka karanta mata ta ce haka ne. Sannan muka tafi wurin dattawa biyu da muke da su.

Ba mugayen mutane ba ne, tsoro ne ya kama su. Ɗaya ya ce, "Sista, a bar kaza cikin gashinta. In wannan magana ta fita, duk kanmu za a kwashe." Ɗayan ya buɗe 1 Timoti 5:19, inda Bulus ya ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Ya ƙara da Matiyu 18, wai yarinyar ce ya kamata ta fara zuwa ta sami Baba su biyu. Daga baya, da maganar ta ɗan zaga, na ji wata tana cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani kuma ya kawo Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffe.

Uwar nan tamu ce ta amsa, ni ina gefe ina haɗiye fushi. Ta ce, "Dattijo, ka karanta aya ta 19, ka sauko ta 20 mana." Aya ta 20 ta ce masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa, domin sauran su ji tsoro. Ta 21 kuma ta hana son kai da tara. Maganar zuwa ta same shi su biyu kuwa, ta ce ai kaɗaitar ce ta jawo abin, ya za a mayar da ita can da sunan bin Nassi? Matiyu 18 hanyar sulhu ce tsakanin 'yan'uwa, ba a rubuta ta don a tura mara ƙarfi ɗakin wanda yake riƙe da kuɗinta da asirinta ba.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne batun shaidun nan. Irin wannan laifi ba a yin sa a gaban mutane. Wanda ya ce sai an kawo masu gani da ido biyu, ya riga ya yanke cewa ba za a taɓa kama kowa ba. Shari'ar Musa da ta kafa ƙa'idar shaidu a Maimaitawar Shari'a 19:15, ita ce kuma a sura 22 ta yi maganar budurwar da aka fi ƙarfinta a jeji, ta yi kuka ba mai ceto, aka ce ba ta da laifi. Shaida ba ido kaɗai ba ce. Yarinyar tana da saƙonnin murya a WhatsApp, da ranaku da lokuta. Kuma da uwar nan ta zauna da sauran masu ajiya ɗaya bayan ɗaya, ba ta ambaci sunan kowa ba, tambaya kawai take yadda suke karɓar kuɗinsu, sai wata ta fashe da kuka tun kafin a gama tambayar.

Wasu matasa sun so a watsa komai a zauren WhatsApp. Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. Na farko ba a ji ta bakin Baba ba tukuna, kuma na taɓa ganin yadda ƙazafi ya rushe gidan mutumin kirki a garinmu. Na biyu sunan 'yan matan ne zai fi yawo, ba nasa ba. Ban da haka, dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta 2007 tana hukunta ɓata suna da ɗaurin da zai kai shekara 1 ko tarar da za ta kai riyal 500,000. Amma mun gaya wa 'yan matan gaskiya cewa abin da aka yi musu laifi ne a dokar Saudiyya, ba zunubi kaɗai ba. Dokar hana tsangwama ta 2018 ta tanadi ɗauri har shekara 2 da tara har riyal 100,000, kuma hukuncin yana ƙaruwa idan mai laifin yana da iko a kan wadda ya cuta. Muka ce in sun zaɓi kai ƙara, ko zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, za mu raka su, kuma kada su ɗauki nauyin rufa mana asiri a kansu. Ba su je ba, saboda hurub ɗin. Amma su suka yanke, ba mu muka yanke musu ba.

An ce wa Baba ya dakata da wa'azi da ba da jibin Ubangiji har a gama bincike, aka kuma bayyana masa cewa dakatarwa ba hukunci ba ce. An zauna da shi, dattawan biyu da mata biyu, ba tare da 'yan matan ba. Ya fara da musu, ya koma cewa makirci ne. Da aka kunna saƙo ɗaya sai ya yi shiru mai tsawo, ya ce Shaiɗan ne ya rinjaye shi, ya roƙi a rufa masa asiri saboda iyalinsa. Ya ce dama kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, a bar shi ya yi huruj, wato ya bar ƙasar, ya koma gida salin-alin.

A nan ne muka fi samun saɓani, domin tayin ya yi wa kowa daɗi. Ba hayaniya, ba tonon silili. Ni kuwa na tuna da John Smyth, lauyan nan ɗan Ingila da ya riƙa zane samari da sunan horon ruhaniya. Wasu shugabanni sun san abin tun 1982, suka rufe, ya koma Zimbabuwe a 1984 ya ci gaba da ɓarna a can, ya mutu a 2018 ba a gurfanar da shi a Ingila ba. Rahoton Makin da ya fito a Nuwamba 2024 shi ya kai ga murabus ɗin Akbishop na Kantabari, Justin Welby. Namu bai kai wannan girma ba, amma hanyar ɗaya ce. Mutumin da ya dawo daga Saudiyya da labarin ya riƙe zumunta a ɓoye, wace ikilisiya ce a gida ba za ta miƙa masa matasa ba?

Baba ya mayar da ajiyar kowa a gaban shaidu, aka ƙirga, kowa ta sa hannu. An gaya wa jama'a a taƙaice cewa an same shi da laifin cin amanar waɗanda aka ba shi kiwo, yana ƙarƙashin horo, ba a faɗi sunan 'yan matan ba. Dattawan suka rubuta wasiƙa zuwa ga faston ikilisiyarsa ta gida, suka karanta masa ita kafin a aika. Matarsa ta daina gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba. Iyalai biyu sun bar zuwa, suna ganin mun yi tsanani. Yanzu mutum biyu ne suke ƙirga baiko, ajiya tana da littafi a hannun mata, addu'ar gida kuma ba a zuwa sai da rakiya. Wa'azi karɓa-karɓa ake yi, wani makon ya yi armashi, wani makon a daure.